Famfon Tembo

Elisante na tsugune yana ɗaura wa Pikipiki kekenta lokacin da ya ji muryar Aikande daga bayan ɗakin girki. Pikipiki karya ce da mota ta karya wa baya tun tana 'yar kwikwiya, ƙafafunta na baya ba sa motsi, shi ya sa aka ƙera mata 'yar amalanke da tayoyin keken yara. Kullum da safe shi ke ɗaura mata, kullum kuma sai ta lashe masa kunne kafin ya gama.

"Wa ya ga Tembo?" in ji Aikande, mai dafa wa karnukan abinci. Ta fito da muciya a hannu, tuwon masara na manne a jiki. "Elisante, Tembo na wajenka?"

"Yana bakin ƙofarsa mana. Ina kuwa zai je?"

"In yana nan zan tambaye ka ne?"

Gidan Mama Ndeshi na can bayan garin Arusha, inda kwalta ta ƙare. Karnuka arba'in da 'yan kai ne a ciki, da kyanwoyi wajen ashirin, kuma babu mai cikakkiyar lafiya a cikinsu. Wani ƙafa uku, wani kurma, wata an ƙona ta da ruwan zafi, wata farfaɗiya. Tembo shi ne babbansu, baƙin kare mai faɗin ƙirji, makaho ido biyu. Shekararsa shida a gidan, kuma bai taɓa sauya hanya ba. Aikande za ta buɗe masa tun sauran na kulle, ya taka shi kaɗai har gindin bishiyar fiya, ya ɗaga ƙafa, ya zaga ta bayan ɗakin kyanwoyi, ya dawo ya kwanta a bakin ƙofarsa kusa da famfo yana jiran abinci. Ko agogo sai haka.

Elisante ya miƙe ya duba. Bakin ƙofar babu kowa. Idonsa ya sauka a kan famfon, da tsohon daron ƙarfen da ke ƙarƙashinsa. Daron a bushe yake ƙamas. Sai ya yi sauri ya kau da kai.

Kafin a jima an duba ko'ina, har ƙarƙashin motar ɗaukar dabbobi da ramin shara. Mama Ndeshi ta fito daga ofis, tabaranta a saman goshi. Tsohuwar malamar asibiti ce, da kuɗin sallamarta ta kafa gidan, kuma ba ta iya magana a hankali ba ko da addu'a take yi. Kai tsaye ta nufi babbar ƙofa, inda dattijon maigadinsu, Mzee Lomayani, ke tsaye dafe da sanda, hular ulu ta rufe masa goshi.

"Mzee, ƙarfe nawa mai kawo wa karnuka kayan ciki ya zo daga mayanka?"

"Bakwai, Mama. Kamar kullum."

"Ka buɗe masa?"

"Na buɗe."

"Ka bar ta a buɗe har ya gama saukewa?"

"Kamar kullum, Mama."

"Kamar kullum, kamar kullum! Kare kamar ɗan maraƙi ya wuce ta gaban hancinka ba ka gani ba? Tun bara ake gaya mini idonka ya tafi, ina cewa a bar dattijo da abincinsa. To ga abin da kara ta jawo mini." Ta miƙa hannu. "Ba ni makullan. Ƙarshen wata ka je gida ka huta, jikokinka su yi ta ja maka sanda."

 Tsohon ya laluba aljihun kwat ɗinsa, ya ciro makullan da ke ɗaure da igiyar fata, ya miƙa. Ya ɗan miƙa su gefe da inda hannunta yake, sai da ta matso ta karɓa. Ta waiwaya ta danƙa wa Elisante.

"Riƙe. Kai ka bi hanyar tasha, Aikande ta bi ta kasuwa. Kar wanda ya dawo mini hannu rabbana."

Makullan ba su kai nauyin ƙwai biyu ba, amma Elisante ya ji aljihunsa na rinjayarsa gefe guda. Ya wuce ta gaban tsohon kansa a ƙasa.

Abin da ya faru shi ne, jiya da yamma bayan an tashi aiki, Elisante ya gyara famfon nan. Tun ranar da ya fara aiki a gidan, shekara biyu ke nan, famfon ke ɗiga cikin daro, ƙwal, ƙwal, ƙwal, dare da rana. Da can bai dame shi ba. Amma bana rani ya yi tsawo, wata uku ke nan famfon unguwarsu bai kawo ko ɗigo ba. Matarsa Manka kan goya jaririyarsu ta je ta bi layi da jarkoki biyu, wani lokaci ta dawo da guda babu komai. Shi kuwa ya wuni yana jin ruwa na zuba a banza. Sai jiya ya yanko 'yar roba daga tsohon tub na keke, ya ɗauko sifana, cikin minti goma famfo ya yi tsit. Har da daron ya daidaita, don ya ga an tokare shi da dutse ya karkace. Ya tafi gida yana jin daɗin kansa, yana shirin in Mama ta lura ya ce ai ba komai ba ne.

Abin da bai so ya tuna ba shi ne wata rana bara, da ya taɓa kan famfon yana gunaguni, Mzee ya ce masa daga kan bencinsa, "Bar shi ya ɗiga, ɗana. Na Tembo ne." Shi kuwa ya yi dariya. Ya ɗauka zancen tsofaffi ne, tunda Tembo na da kwanon ruwansa a ɗaki.

A bakin kwalta ya tarar da 'yan acaba sun jeru a inuwa.

"Sannunku da aiki. Don Allah ba ku ga wani baƙin kare babba ya wuce ba? Makaho ne."

"A'a, likitan karnuka!" in ji wani mai jar hula. "Yau kuma majinyaci ne ya gudu daga gadon asibiti?"

"Makaho ya tsere wa masu ido goma," in ji na kusa da shi. "Ku dai a gidan nan a duba ku gaba ɗaya."

"Ni da za a ɗauke ni a gidan ma so nake," mai jar hula ya ce. "Nama kullum, ga allura kyauta. In na yi ɗingishi za ku karɓe ni?"

Suka fashe da dariya. Da wata rana ce da Elisante ya rama. Yau murmushi kawai ya yi na dole. Ganin haka wani dattijo a cikinsu ya ce ya ga kare na bin amalanken mai kayan ciki da sassafe, hancinsa a sama, amma da aka zo mararraba amalanken ya yi sauri ya bar shi. Daga nan bai san inda ya yi ba.

Elisante ya bi mararrabar ta kowace fuska. Ya tambayi mai gasa ayaba, ya tambayi kwandastan da ke rataye a ƙofar mota yana kiran fasinjan cikin gari. Ya leƙa kwalbati, ya shiga gonar kofi yana kira har muryarsa ta dushe. Duk motar da ta taka birki sai ya waiwaya da sauri. Duk baƙar ledar da ya hango a gefen titi sai ya ɗauka Tembo ne, sai ya matsa kusa ya ga leda ce.

Yana tafe yana shari'a da kansa. Ai ba shi ya bar ƙofa a buɗe ba. Ai gyara ya yi, ba ɓarna ba. Wa ma ya tabbatar famfon ne? Kare ya tsufa, wataƙila kansa ne ya juye. Sai wata zuciyar ta ce masa, shekara shida ana buɗe ƙofar nan ƙarfe bakwai, Tembo bai taɓa ko kallon wajen ba, sai yau. Me ya sauya tsakanin jiya da yau in ban da kai da sifanarka?

Da rana ta take ya zauna a rumfar mai shayi, ya ce a ba shi baƙi. Bai iya sha ba. Ya rufe ido don hasken rana, ya bar su a rufe. Motoci, rediyon mai shayi, kukan akuya, wata mata na yi wa mijinta faɗa a waya. Ya yi tunanin a ce haka duniyar take gare shi kullum, duk ƙara ce, babu gabas babu yamma, in ban da abu guda da ke cewa ƙwal, ƙwal, nan ne gida. Sannan wani ya zo ya kashe abin.

Ya buɗe ido. In Tembo ya ji ɗigon ruwa a kan ƙarfe, ko a ina ne, can zai nufa. A wannan ranin kuwa wuraren da ruwa ke ɗiga a unguwar ba su da yawa. Tankin coci a bushe yake. Sai wajen wankin motoci da ke gangare bayan mararraba, su da ke da rijiyar burtsatse.

Ya bar shayin ya ruga.

A bayan wajen wankin akwai baƙin tanki a kan dogayen ƙafafun ƙarfe, yana ɗiga a kan wani yankin kwanon rufi da aka yar. Tembo na kwance daf da kwanon, ƙafafun gaba a miƙe, kai a ɗage, daidai yadda yake kwanciya a bakin ƙofarsa in yana jiran Aikande. Kunnensa na hagu ya tsage har kusan gindi, jini ya bushe masa a wuya, ƙudaje sun taru. Ga duwatsu nan warwatse kewaye da shi.

"Tembo," in ji Elisante a hankali.

Wutsiyar ta bugi ƙasa sau biyu. Bai tashi ba. Shi a saninsa yana gida, abinci ne kawai ya makara.

Wani mai wankin mota ya zagayo da soso a hannu, wando a naɗe.

"Naka ne, ɗan'uwa? Kai, mun sha fama. Tun safe muke kora, ko gezau. Mun ɗauka mahaukacin kare ne, ka ga idon nan fari fat."

"Makaho ne."

Mutumin ya dubi karen, ya dubi duwatsun. Ya sa ƙafa ya ture ɗaya gefe kamar hakan zai rage wani abu.

"Ayya. Ba mu sani ba. Shi ya sa bai kauce ba." Ya sosa ƙeya. "Ka yi haƙuri fa. Ni ne na same shi a kunne. Ka zage ni in kana so."

Elisante ya buɗe baki, ya rasa da wace fuska zai zagi wani. Ya ce a ara masa baro kawai. Mutumin ya kawo, har da shimfiɗa buhu a ciki, suka kama tsohon karen su biyu suka ɗora. Duk hawan nan har gida Tembo na lasar hannun da ke riƙe da baron, Elisante kuwa ji yake da ma cizonsa ya yi.

Aikande ce ta fara hango su, ta saki guɗa har karnukan gidan suka ɗauka da haushi. Pikipiki ta sheƙo da kekenta ta kusa kifewa. Mama Ndeshi ta durƙusa a ƙasa da fararen kayanta, ta rungume kan Tembo tana yi masa faɗa kamar ɗan da ta haifa. Aka kira Dokta Kimaro, likitan dabbobin da ke duba su, ya zo a babur ya yi allurar barci, ya yi wa kunnen ɗinki tara.

"Ni na bi kasuwa har layin masu kifi, ƙafata kamar ta cire," in ji Aikande. "Shi ya tafi kai tsaye kamar an yi masa waya. Kai, faɗa mana gaskiya, kakarka bokanya ce?"

"Ni ma abin da nake son ji ke nan," in ji Mama. "Yaya aka yi ka san can zai je?"

Ga damar faɗin gaskiya ta zo masa. Elisante ya dubi Mama, ya dubi ƙasa.

"Dace ne kawai, Mama."

"Dace ba ya zuwa wa malalaci." Ta dafa kafaɗarsa. "Ba ka da wani ɗan'uwa mai ido biyu da hankali irin naka? Ƙarshen wata ina son maigadi."

Yana da shi kuwa. Yayan Manka wata bakwai ke nan yana zaune, a ɗakinsu ma yake cin abincin rana. Elisante ya ce zai duba. 

Ya koma aikinsa. Ya wanke ɗakunan karnuka, ya ba masu farfaɗiya ƙwayarsu a cikin tsoka, ya juya wata tsohuwar karya da ba ta iya juyawa da kanta don kar gefenta ya yi gyambo. Duk inda zai bi sai ya zaga don kar ya wuce ta babbar ƙofa. Amma da zai kai shara dole ta nan ce hanya. Mzee na zaune a bencinsa, ba makulli, ba aikin yi, yana ɓare gasasshiyar ayaba.

"Elisante ne? Na san takunka. Zo nan." Ya raba ayabar biyu ya miƙo rabi. "Karɓi. Ka fitar da ni kunya yau. Da karen nan ya mutu a titi, da da shi zan tafi kabari."

"Na ƙoshi, Mzee."

"Ba a ƙoshi da abin hannun tsoho. Karɓi."

Ya karɓa. Ya kai ta har ramin shara a hannu, ya kasa ci, ya kasa yarwa. Daga baya ya ba Pikipiki.

Wajen ƙarfe huɗu allurar ta saki Tembo. Aikande ta buɗe masa ya fita ya yi fitsari, ta koma kan tukunyarta. Elisante na kallo daga inda yake shanya barguna. Karen ya taka a hankali, kai naɗe da bandeji, har gindin fiya. Ya ɗaga ƙafa. Ya zaga bayan ɗakin kyanwoyi. Daga nan ya tsaya. Ya karkata kunnen mai lafiya hagu, ya karkata dama. Ya juya a wuri ɗaya sau biyu. Sai ya zaɓi wata fuska ya tafi da ƙarfin hali, ya gwara kunnen da aka ɗinke da bango. Bai yi ƙara ba. Ya zauna kawai a tsakiyar fili yana rawar jiki.

Elisante ya yar da bargon ya ɗauko sifana.

Ya ɗauka ɓata abu ya fi gyara shi sauƙi. Ya rufe ruwan daga tushe, ya kwance kan famfon, ya cire sabuwar robar, ya mayar da kan, ya buɗe. Ruwa ya tsiyayo kamar igiya. Ya je neman tsohuwar robar a ramin shara, ya tarar Aikande ta ƙone sharar jiya tun da safe. Ya dawo ya ɗan tsaga sabuwar da reza ya mayar. Yanzu yana ɗiga, amma da sauri, taf-taf-taf, kamar ana yayyafi. Tembo ya ɗaga kai, ya saurara, ya mayar da kan ƙasa. Ba nasa ba ne.

"Ya yi sauri."

Mzee Lomayani ne tsaye a bayansa, dafe da sanda. Elisante bai ji zuwansa ba. Ga sifana a hannunsa, ga reza a ƙasa, babu sauran abin ɓoyewa.

"Mzee, ni ne na..."

"Ƙara matse shi kaɗan. Kaɗan fa. Yawwa. Tsaya." Tsohon ya karkata kai yana sauraro, leɓensa na motsi. "Tsakanin ɗigo da ɗigo mutum na iya cewa sannu da aiki. Ƙara kaɗan. To, nan. Amma muryar ba ita ba ce. Ina dutsen?"

"Wane dutse?"

"Na ƙarƙashin daro. In daron na zaune daidai ruwa taruwa yake, ɗigo ya faɗa cikin ruwa. In ya karkace sai ya bugi ƙarfe."

Elisante ya samo dutsen inda ya cillar da shi jiya, ya tokare daron. Ƙwal. Shiru. Ƙwal.

Tembo ya miƙe. Bai yi wata-wata ba, ya ratsa filin a miƙe kamar an ja masa zare, ya zo bakin ƙofarsa ya juya sau ɗaya ya kwanta, ya sauke dogon numfashi.

Su biyu suka tsaya suna jin ɗigon.

"Jiya da yamma na gyara shi," in ji Elisante. "Ka taɓa gaya mini, na yi dariya."

"Na san an taɓa shi. Tun da asuba na ji gidan ya yi shiru."

"To me ya hana ka faɗa, da take yi maka faɗa a gaban kowa?"

Tsohon ya ɗan tura hularsa baya. Ga ƙulu a goshinsa, ya kumbura ya yi baƙi.

"Ka ga wannan? Ni ma da ɗigon nan nake gane hanyar ɗakin ajiya kafin gari ya waye. Yau ni da Tembo bango ɗaya muka sha. In ce mata me? In ce Mama, maigadinki da kunne yake gadi?" Ya mayar da hular. "Kuma ƙofa tawa ce. Tunda na ji shiru, kamata ya yi in hana a buɗe masa. Na tsaya ina jinyar goshina. Kai ka bar maganar nan a nan. Kana da jaririya, ni nawa sun girma. Wanda ya gyara famfo a wannan ranin ba mugu ba ne."

Ya juya ya koma wajen bencinsa, sandarsa na taɓa ƙasa a hankali.

Elisante ya daɗe a tsugune. Famfo ya koma yadda yake, kare ya dawo, wanda aka zalunta ma ya ce a bar zancen. In ya bar zancen ya tafi gida, gobe yayan Manka zai zo neman gadin da wankakkiyar riga. Ya sa hannu a aljihu, ya ji igiyar fatar makullan, ta yi santsi saboda shekarun da ta yi a hannun mutum ɗaya.

Mama Ndeshi na ofis tana ba wata 'yar kyanwa madara da sirinji. Ya tsaya a bakin ƙofa da sifanarsa, ya faɗa mata duka, tun daga robar tub har wajen wankin mota, har da cewa ba dace ba ne. Goshin Mzee kaɗai ya bari, don wannan ba nasa ba ne da zai faɗa. Yana magana yana jiran tsawa. Ba ta zo ba. Mama ta ajiye kyanwar a kwali, ta sauko da tabaranta kan hanci, ta wuce shi ta fita. Ya bi ta.

Ta tsaya a gaban famfon ta harɗe hannu. Ƙwal. Ƙwal. Tembo ya buga mata wutsiya.

"Lomayani!"

Tsohon ya taso, Aikande ma ta leƙo da muciyarta.

"Sau uku ina kiran mai gyaran famfo saboda abin nan," in ji Mama. "Sau uku yana ce mini ya zo maigadi ya ce na yi tafiya."

"Haka aka yi, Mama."

"Na ɗauka shi ne maƙaryaci. Har na daina gaishe da matarsa a coci."

"Sai a ba ta haƙuri, Mama."

Aikande ta toshe baki da gefen zane. Mama ba ta yi dariya ba. Ta dubi tsohon.

"Me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba?"

"Mama in ta ga abu ya lalace gyara shi take yi. Shi ya sa muke nan gaba ɗayanmu."

Ta cire tabaran ta goge da bakin riga, ta mayar.

"Me kuma ka sani a gidan nan da ban sani ba?"

"To, akwai Sukari, kyanwar nan mai ido ɗaya. In aka ajiye mata kwano ta dama ba ta ci, sai a ce ba ta da lafiya. Akwai kurman nan da ke cizo in inuwar mutum ta riga shi isowa. Akwai..." Ya tsaya ya yi lissafi da yatsu, ya girgiza kai. "Da yawa, Mama. Kafin ƙarshen wata dai ba za su faɗu ba."

Mama ta ja tsaki, amma ba mai ƙarfi ba. Ta waiwayo kan Elisante.

"Kai kuma me kake jira? Ba shi makullansa. Daga gobe ƙarfe bakwai kana bakin ƙofar nan tare da shi har mai kayan ciki ya fita, kai ne idon, shi ne sauran. Kuma kunnen nan kai za ka riƙa wankewa safe da yamma har a cire zare, ka riƙa ganin aikinka." Ta fara tafiya, ta tsaya ba ta juyo ba. "Mzee, na yi maka magana a gaban yara."

"Iska ta kwashe, Mama."

Elisante ya sa makullan a tafin tsohon, ya tabbatar sun zauna kafin ya saki. Kowa ya koma harkarsa. Shi kuwa ya ɗebo ruwan ɗumi da auduga, ya zauna a ƙasa kusa da daron, yana kaffa-kaffa kar gwiwarsa ta taɓa dutsen. Ya warware bandejin. Ɗinki tara, baƙin zare, fatar ta kumbura. Ya goge a hankali, ɗaya bayan ɗaya, ya naɗa sabo.

Da ya gama sai Tembo ya laluba da hanci, ya sami ƙafarsa, ya ɗora kansa mai nauyi a kai, ya yi barci. Lokacin tashi ya yi, Aikande ta rataya jaka ta yi masa sallama. Manka na can a layin ruwa tana jiran ya zo ya ɗaukar mata jarka ɗaya. Ya dubi hanyar ƙofa, ya dubi kan karen. Ya ce bari ya ƙara ɗigo goma tukuna.